Zoben Da Ke Tayar Da Ƙuduji

Babu manomin dawa ko gero da za a tsaya ana kwatanta masa ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Ya san furensa mai kyaun gani, ya kuma san abin da ke biyo bayansa, watau dawa ta tsumbure, ganye ya yi kamar an babbaka shi, rumbu ya kwana da rabin ciki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙuduji ba ya tsirowa da kansa. Sai an kira shi ya ke fitowa, mai kiran kuwa ita ce dawar da zai kashe. A wannan mako za mu duba yadda a ke yin kiran nan, da abin da a ke yinsa da shi, domin wanda ya gane wannan zai gane dalilin kowace shawara da malaman gona ke ba shi game da ƙuduji.

Irin Da Ke Kwana Yana Saurare

Ƙwayar irin ƙuduji ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tsawonta bai kai sulusin milimita ba. Gindi ɗaya ya kan zubar da ƙwaya dubbai goma-goma, su kan kuma kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Saboda ƙanƙantar ƙwayar, guzurin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. In ta tsiro ba ta sami saiwar da za ta kama ba, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Saboda haka ba ta gaggawa. In damina ta sauka, ta sami laima da ɗumi kamar mako ɗaya ko biyu, sai ta shirya, ta yi kasaƙe. Ba za ta motsa ba sai ta ji ƙanshin wani ruwa da saiwar dawa ke tsattsafowa, wanda ke shaida mata cewa abinci na nan kusa, bai fi nisan faɗin ƙwayar dawa ɗaya ko biyu ba. Sa'an nan ta fasa, ta miƙa ɗan zare, ta huda saiwar, ta shiga tsotso. Ta kan yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa kafin ta leƙo, kafin nan kuwa ta riga ta yi ɓarna mai yawa.

A 1966 masana a Amurka suka tsamo abin da ke cikin ruwan nan daga saiwar auduga, suka sa masa suna sitirigol. A 1972 suka bayyana yadda gininsa ya ke. Ƙarfinsa abin mamaki ne. Giram 1 in an narkar da shi cikin ruwan motar tanka 1,000, ruwan nan ya isa ya tayar da irin ƙuduji. Daga baya an sami 'yan'uwansa fiye da 30 a tsire-tsire iri iri, dukansu a kan kira su sitirigolakton.

Zarra Da Zobe

To, mene ne gininsa? Kowane abu a duniya an haɗa shi ne da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, watau zarra. A jikin tsiro zarrar da ta fi aiki ita ce kabon, wadda gawayi kusan duk ita ce. Zarrar kabon su kan riƙe hannun juna su yi sarƙa, wani lokaci kuma bakin sarƙar ya zagayo ya kama wutsiyarta, ya zama zobe.

Wanda ya taɓa tanƙwara tsumagiya ya san in da'irar mai faɗi ce ba wuya, in kuwa ya matse ta ƙwarai sai ta nemi karyewa ko ta fizge. Haka kabon ya ke. Hannuwansa sun fi son buɗewa kamar digiri 109, saboda haka zobe mai zarra 6 ko 5 ya kan zauna lafiya, shi ya sa su ne suka fi yawa, har a cikin sukari da sitaci. Amma zobe mai zarra 4 kusurwarsa digiri 90 ce, mai zarra 3 kuwa digiri 60. Waɗannan a matse su ke, kamar bakan da aka ɗana. Ba sa haɗuwa da kansu, sai an tilasta musu. Akwai kuma zobban da wuyarsu ba matsi ba ce, wuyarsu ita ce yadda aka harhaɗa su, da inda kowanne ya fuskanta. Na sitirigol irin waɗannan ne.

Sitirigol yana da zarrar kabon 19, an shirya su zobe 4. Masana sun sa musu A, B, C da D. Zoben A mai zarra 6 ne, B mai 5, C mai 5 amma ɗaya daga cikinsu oksijin ce. Ukun nan a manne su ke kamar ɗakuna masu bango ɗaya. Zoben D kuwa, shi ma mai zarra 5 da oksijin ɗaya a ciki, yana rataye ne a gefe da wata 'yar gada, kamar tunku a ƙarshen igiya. Zoben D shi ne bakin mabuɗin. A 2015 aka gane makullin da ke cikin irin ƙuduji, aka ga in sitirigol ya shiga cikinsa sai ya datse zoben D daga gadar, daga nan ƙwayar ta farka.

Maƙeran Da Ido Ba Ya Gani

Wa ke ƙera waɗannan zobba? Waɗansu ma'aikata ne a cikin jikin tsiro da masana ke kira enzayim. Ko ba mu san sunansu ba mun daɗe muna sa su aiki. Su ne ke cikin ruwan tumfafiya da a ke daskarar da madara da shi a yi cuku. Su ne ke cikin ganyen gwanda da ke sa nama laushi. Su ne ke cikin dankalin da a ke niƙawa a zuba wa kunun zaƙi, su mai da sitacin gero sukari. Kowane enzayim aiki ɗaya ko biyu ya iya, ya kan gama shi cikin ƙiftawar ido, ya saki, ya kama na gaba, shi kansa bai ƙare ba.

Mu kwatanta enzayim da maƙeri. Yana da rami a jikinsa wanda aka yi daidai da abin da zai ƙera, ramin nan shi ne awartakinsa, shi ne kuma uwar maƙerarsa. Ya kan kama sarƙa, ya lanƙwasa ta yadda bakuna biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su zo daf da juna, ya kare ta daga ruwa don kada ya ɓata aikin. Da yawansu suna riƙe da zarrar ƙarfe guda a tsakiyar ramin, wadda ke kama oksijin na iska ta yi aiki da shi, kamar yadda zugazugi ke hura wuta. Da haka a ke yin ƙira a cikin sanyin saiwa, ba wuta ba guduma.

Ga misali biyu daga waɗansu wurare. A tuddan Kenya da Tanzaniya da Ruwanda ana noman wani farin fure mai suna fairetiram, wanda a ke yin maganin sauro da na ƙwari da shi. A cikin dafinsa akwai zobe mai zarra 3. Enzayim guda ke ɗaukar guntaye biyu, kowanne mai kabon 5, ya haɗa su ta gefe, har kusurwa ukun ta rufu. Na biyu shi ne fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a London a 1928, a jikin wata fumfuna. Ƙarfinsa yana cikin wani zobe mai zarra 4, wanda Dorothy Hodgkin ta tabbatar da shi a Oxford a 1945. Enzayim guda mai riƙe da ƙarfe ya kan kama sarƙa miƙaƙƙiya, ya rufe zobe mai 4 da zobe mai 5 a zama ɗaya, abin da ya rage ruwa ne kawai. In fenisilin ya tarar da ƙwayar cuta sai matsattsen zoben nan ya ɓalle kamar tarko, ya kama maginin bangonta, ƙwayar ta fashe.

Yadda A Ke Ƙera Zoben Ƙuduji

Mu koma ga dawarmu. Ƙarfen da a ke fara ƙirar da shi shi ne karotin, watau abin nan da ke sa manja da karas launinsu. Doguwar sarƙa ce mai kabon 40, da zobe mai 6 a kowane ƙarshe. A 2012 Salim Al-Babili da abokan aikinsa a Jami'ar Freiburg ta Jamus suka nuna maƙera uku na farko da aikin kowanne.

Na fari, D27, ba ya yanka kome. Aikinsa ya lanƙwasa sarƙar a gaɓa ta 9, ya yi mata gwiwa. In ba gwiwar nan, na biyu ba zai karɓa ba.

Na biyu, CCD7, shi ne mai almakashi. Ya kan datse sarƙar gida biyu, gefe mai kabon 13 ya tafi, gefe mai kabon 27 ya wuce gaba.

Na uku, CCD8, shi ne gwanin da ya ba masana mamaki. Danginsa duka yanka kawai suka iya, shi ma an zaci haka ya ke. Ashe in ya karɓi guntun nan mai kabon 27, ya kan cire 8, ya cusa zarrar oksijin 3, ya sake jera abin da ya rage, ya rufe zoben D, ya kuma gina gadar da zoben ke rataye a kanta, duk kafin ya saki. Abin da ke fitowa daga hannunsa sunansa kalakton, mai kabon 19. Malaman lissafi su duba: 13 da 27 sun ba da 40, 8 da 19 sun ba da 27, ba zarrar da ta ɓace.

Kalakton yana da zoben A da ya gada daga karotin, da zoben D sabo, amma tsakaninsu sarƙa ce a buɗe. Sauran B da C. A nan ne kowane tsiro ke bin hanyar gidansu. Akwai wani maƙeri mai suna MAX1 da ke fara ɗora oksijin a inda za a rufe. A shinkafa, kamar yadda aka nuna a 2014, wani ɗan gidan MAX1 ɗin ne ke ƙarasa rufe zobban biyu da kansa. A wake da tumatir da auduga kuwa wani ne dabam, mai suna CYP722C, wanda masanan Japan suka gano a 2019 da 2020.

To, ga inda maganar ta shafi rumbu. Sa'ad da za a rufe zoben C, yana iya fuskantar sama, yana iya fuskantar ƙasa, kamar mabuɗi biyu masu haƙora iri ɗaya, amma haƙori guda ya juya. Yawancin dawa ta kan fitar da wanda a ke kira diyoksisitirigol, shi kuwa ya dace da makullin ƙudujin dawa ƙwarai, sai mu kira shi mai kaifi. Ɗayan, wanda a ke kira orobankol, zobensa na C ya juya, ba ya tayar da ƙudujin dawa sai kaɗan, mu kira shi dakusasshe.

Gebisa Ejeta, mutumin Habasha ne da ya yi aikin dawa a Sudan, sa'an nan a Jami'ar Purdue ta Amurka, aka kuma ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. Shi da mutanensa sun daɗe da lura cewa wata dawa mai suna SRN39 ba ta cika tayar da ƙuduji ba. A 2017 suka bayyana dalili. Dawar nan ta rasa maƙeri guda mai suna LGS1, saboda haka maimakon mai kaifi sai ta riƙa fitar da dakusasshe. A 2021 aka gane aikin LGS1. Ya kan liƙa wani ɗan ƙunshi mai farar wuta a jikin sarƙar, ƙunshin ya ɓalle ya bar gurbi, sarƙar ta faɗa cikin gurbin nan, zobban su rufu. A 2023 masana a Amsterdam ta Holan suka sami kwatankwacin wannan a masara, watau waɗansu irin masara suna fitar da zobban da ƙuduji ba ya ji sosai.

Me Ya Sa Dawa Ke Kiran Makashinta?

Mai karatu zai ce, to, a kashe maƙeran mana gaba ɗaya, kowa ya huta. Ba ya yiwuwa, domin ba don ƙuduji dawa ke wannan ƙira ba. A 2005 masana a Osaka ta Japan suka gano cewa sitirigolakton kira ne ga wata fumfuna ta cikin ƙasa, mai zare siriri fiye da gashi. In ta ji kiran sai ta yi rassa, ta shiga saiwa, ta riƙa jawo wa tsiro fosfat daga inda saiwarsa ba ta kai ba, shi kuma ya biya ta da sukari. Ciniki ne na amana. Ƙuduji ɓarawo ne da ya laɓe ya koyi sallamar da a ke yi wa aboki.

Har wa yau, a 2008 aka gano cewa da shi tsiro ke tsawatar wa rassansa. Shinkafar da ta rasa D27 gajeruwa ce, ta cika 'ya'ya barkatai marasa amfani. Ka ga ke nan in an rufe maƙerar duka, an rabu da aboki, an kuma ɓata tsayuwar shuka. Dabarar ita ce a bar dawa ta yi kiranta, amma da muryar da aboki ke ji, ɓarawo ba ya ji. Abin da dakusasshen zobe ke yi ke nan.

Abin Da Manomi Zai Yi

Na ɗaya, ka ciyar da gonarka. An gwada an gani, in ƙasa ta rasa fosfat da naitirojin, dawa ta kan ƙara yawan kiran nan ninki ba ninki, don tana neman agajin fumfuna. Wannan ne asalin abin da iyayenmu suka lura da shi, cewa ƙuduji ya fi son gajiyayyar gona, bai cika damun gonar bayan gida mai shan taki ba. Takin shanu, da toka, da juji, da sufa, da kamfa, duka suna rage kukan saiwa. Wanda ba shi da ƙarfin buhu ya bi dabarar da ICRISAT ta gwada a Sadore ta Nijar, ya zuba kamfa cikin marfin kwalba ɗaya, kamar giram 6, a kowane rami lokacin shuka.

Na biyu, ka yaudari irin da ke kwance. Ka tuna daga auduga aka fara samun sitirigol, ita kuwa ƙudujin dawa ba ya iya kama ta. Haka gyaɗa, da waken soya, da riɗi, da wake. Suna kira, ƙwaya ta fasa, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Gonar da ƙuduji ya cinye, a huta mata da dawa, a sa mata waɗannan shekara biyu ko uku. Amma a kula, wake yana da nasa ƙudujin dabam, inda wannan ya yi yawa a nemi irin waken da Samaru da IITA suka fitar mai jure masa, kamar SAMPEA 10.

Na uku, ka nemi irin dawa ko masara mai ƙin ƙuduji daga wurin malamin gona. Sai dai ka sani ragewa ya ke yi, ba ya hanawa ɗungum, ƙudujin wannan gari kuma ba lalle halinsa ya zama ɗaya da na wancan ba. Saboda haka a gwada a gefen gona tukuna, a kuma haɗa da taki.

Na huɗu, ka cire ƙuduji kafin furensa ya ƙulla, ka tara ka ƙone, domin wanda aka tuge da fure aka yar a kunya yana iya ƙarasa nunar da 'ya'yansa. Gindi ɗaya da ka bari bana, aikin shekara goma ka bar wa 'ya'yanka. Kada ka shanya zangarniyar iri a ƙasan gonar da ke da ƙuduji. Fatake da masu sayar da hatsi su ma su kula, gama a cikin buhun iri ƙurar nan ta kan yi tafiya daga kasuwa zuwa kasuwa.

Kada wani ya ce ba a cin ƙuduji da yaƙi. A 1956 aka tarar da wani irinsa mai jan fure a gonakin masara na Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, har ya mamaye fiye da eka 400,000. Cikin makaman da suka kama akwai iskar etilin, wadda ke nunar da ayaba da mangwaro. Suka riƙa hura ta cikin ƙasa sa'ad da babu masara, irin ya tsiro ya mutu. Ita ma etilin ɗin, kamar yadda aka gano a 1979, tsiro yana yin ta ne ta hanyar fasa wani zobe mai zarra 3. Da wannan, da hana fitar da ƙasa da amfanin gona daga wuraren da cutar ta ke, suka ƙwato fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙasar. A kusa da mu kuma, masana sun ƙera sitirigolakton na jabu, mai riƙe da zoben D, suka gwada a gonakin gero da dawa na Burkina Faso. A rahotonsu na 2019, ƙudujin da ya fito ya ragu fiye da rabi a waɗansu gonaki. Kafin irin wannan magani ya iso kasuwarmu da araha, taki da juya shuka da tugewa suna hannun kowa.

Abu ɗaya ya rage. Iska da ruwa da kofaton shanu ba su san iyakar gona ba. In ka share taka maƙwabcinka ya bar tasa ta yi fure, ƙurarsa za ta ziyarce ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu unguwa da sarakunan noma su sa rana, in ƙuduji ya fara leƙowa a fita gayya, a tuge shi gaba ɗaya kafin ya yi fure. Masu ilmi kuma, akawu da malamin makaranta, in sun karanta wannan su karanta wa waɗanda ba su iya ba.